Kyanwa Da Tukunyar Fure

Bahaushe ya daɗe da yarda cewa rai tara gare kyanwa. Ya ga ta faɗo daga kan soro ta dira bisa ƙafafunta, ta karkaɗe jiki ta wuce abinta. Ya ga ta kwana uku ba wanda ya jefa mata ko loma, amma ta wayi gari tana lasar baki a gindin rumbu. Saboda haka ya ɗauka babu abin da zai ga bayanta sai tsufa ko jifar yara. To, ashe akwai abin da yakan kwashe rayukan nan tara gaba ɗaya cikin kwana uku, abin kuwa da kuɗi ake sayensa, a rungumo shi da hannu biyu, a girke shi a tsakiyar falo don baƙi su gani su yaba.

Dalilin da ya sa maganar ba ta taso a da ba shi ne irin zaman da ake yi. Kyanwar gidan ƙasa ba ta san kulle ba. Ta fita ta zaure, ta haura katanga, ta kewaya bayan gida inda harƙiya da kiri-kiri suka tsiro, in ta so tauna ganye ta tauna, ta komo. Yanzu kuwa a Ikko da Abuja da Fatakwal, har da Kaduna da Kano, dubban iyalai a benaye suke zaune, tagogi an rufe su da raga saboda sauro, ƙofa kullum a datse. A lokaci guda kuma sana'ar sayar da tsire-tsiren ado ta bunƙasa, ta yadda da wuya mutum ya bi babban titi a Abuja bai ga tukwane jere a gefen hanya ba. Kyanwar da aka kulle a irin wannan gida ba ta da wani koren abu da za ta kai wa baki sai wanda maigida ya sayo. In ɓera da sata, ai daddawa ma da wari.

Mai karatu na iya tambaya: me ya haɗa mai cin nama da ganye? Mutane da yawa sun ɗauka sai cikinta ya ɓaci take neman ciyawa don ta yi amai. Farfesa Benjamin Hart na makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka ya bi diddigin wannan zance, ya tattara bayanan masu kyanwa sama da 1,000, ya bayyana sakamakon a shekara ta 2019. Kashi 71 cikin 100 na kyanwoyin an gan su suna cin tsiro aƙalla sau shida, mafi yawansu kuwa lafiyarsu ƙalau kafin su ci, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kaɗai suka saba yin amai bayan ci. Shi a ganinsa ɗabi'a ce da suka gada daga kakanninsu na daji, waɗanda ganye ke taimaka musu wajen koro tsutsar ciki. Ko wannan ne dalili ko wani, abin lura shi ne lafiyayyar kyanwa, ƙosasshiya, za ta tauna ganye, kuma duka ko tsawa ba sa cire mata wannan hali. 'Yan ƙananan ma sun fi, gama su duk abin da ke lilo abin wasa ne, abin wasa kuwa a baki yake ƙarewa.

Daɗin daɗawa, halittar jikinta ba ta shirya wa dafin tsiro ba. Akuya da saniya sun yi dubban shekaru suna kiwo, hantarsu ta ƙware wajen warware miyagun sinadaran da ke cikin ganyaye. Kyanwa kuwa nama zalla ta gada, har masana suka gano a shekara ta 2000 cewa ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da ke sa hanta ta sarrafa wasu magunguna da dafi ya lalace a jikinta, ba ya aiki. Ga ta kuma da ƙaramin jiki, yawanci kilo 3 zuwa 5, watau abin da babban mutum zai haɗiya bai ji komai ba ya isa ya kwantar da ita. Sa'an nan ga tsabtarta, wadda ake yabonta da ita: duk abin da ya taɓa gashinta, harshenta zai kai shi ciki. Wannan tsabta ita ce ƙofar da mafi munin furanni yake bi.

Furen nan shi ne wanda Turawa ke kira lili, masana kuma suka kasa shi gida biyu, Lilium da Hemerocallis. Ya kamata kowane mai kyanwa ya san kamanninsa kamar yadda ya san fuskar maƙwabcinsa. Fure ne babba mai buɗewa kamar bakin kakaki, da kunnuwa shida, fari ko ruwan hoda ko rawaya ko ruwan goro, wani da ɗigo-ɗigo a ciki. A tsakiyarsa akwai zaruruwa shida dogaye, kowanne da ɗan kai mai ɗauke da gari ruwan ƙasa ko rawaya, wanda in ya taɓa farar riga da ƙyar yake fita. Waɗansu irinsa suna da ƙamshi mai cika ɗaki. Ba safai ake shuka shi a gidajen ƙasar nan ba, yawanci a yanke yake zuwa, cikin damin furanni da ake kai wa amarya ko maijego ko majinyaci, ko wanda ake ƙawata zauren biki da shi, a kwaso saura a kawo gida bayan an watse.

A misalta gidan wani ma'aikaci a hawa na uku. An yi walimar ƙarin girma ranar Asabar, abokan aiki suka kawo damin furanni, uwargida ta samu tulun gilashi ta zuba ruwa ta jera su bisa tebur. Da dare ya raba, kyanwa ta hau ta sunsuna, garin furen ya shafi hancinta da gashin bakinta, ta sauko ta zauna ta lashe shi tas. Ko ganye ɗaya ba ta ciza ba. Kafin asuba ta yi amai sau biyu, miyau na zuba, ta ƙi abinci, ta shige ƙarƙashin kujera. Da hantsi sai aman ya tsaya, mutanen gida suka ce ai ta warware, wataƙila ƙadangare ta ci. Wannan lafawa ita ce yaudarar da ke cikin al'amarin, domin a daidai lokacin ne dafin ke cinye ƙananan bututun da ke tace fitsari a cikin ƙoda. Ranar Lahadi da yamma tana yawan fitsari, tana shan ruwa kamar ba gobe. Ranar Litinin fitsarin ya ɗauke ɗungum, bakinta na wari, ba ta iya tsayuwa. Ranar Talata ko Laraba sai a nemi kwali da fartanya.

Wannan jeri ba ƙirƙira ba ne, haka likitocin dabbobi suka sha bayyana shi tun farkon shekarun 1990 da aka fara tabbatar da cutar. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa kowane sashe na wannan tsiro yana kisa: kara, ganye, fure, gari, har ruwan da aka tsoma shi a ciki. Alamun farko sukan bayyana cikin awa 12, ƙoda takan tsaya tsakanin awa 24 zuwa 72, kuma idan aka yi jinkirin magani har awa 18 ko fiye, galibi ɓarnar ba ta gyaruwa. Abin mamaki, har yau masana ba su ware ainihin sinadarin da ke wannan aika-aika ba. Kare yakan ci furen ya tsira da ɗan ɓacin ciki kawai, mutum ma haka; kyanwa kaɗai ya tsana. Wani bincike da aka buga a Amurka a shekara ta 2011, kan gidaje 48 da kyanwoyinsu suka taɓa furen, ya nuna kashi 27 cikin 100 ne kacal na masu gidajen suka san yana da dafi kafin abin ya faru. To, in haka abin yake a ƙasar da ake da cibiya ta musamman mai amsa kiran masu dabbobin da suka ci guba tun shekara ta 1978, ina ga nan?

Amma akwai labari mai daɗi a ciki. Likitocin Jami'ar Pensilbaniya sun duba tarihin kyanwoyi 25 da aka kai musu tsakanin 2001 da 2010 bayan sun ci lili, aka wanke musu ciki aka ɗaura musu ruwa da wuri, dukkansu kuwa sun koma gida da rai. Watau cutar tana da magani, sharaɗinta ɗaya ne, sauri. Hukuncin da ya dace da wannan fure kuwa ba ya bukatar dogon nazari. Gidan da ke da kyanwa, lili ba ya kwana a ciki, ko wane ne ya kawo shi, ko nawa aka saye shi. A karɓa da godiya, a zare shi daga cikin damin, a zubar da ruwan, a goge tebur.

Sai dai a yi hattara da suna, gama sunan lili ya yi yawa a bakin masu sayar da furanni, kusan duk farin fure mai tsawo haka suke kiransa. Akwai mai fitowa daga dunƙule kamar albasa, irin dangin albasar kwaɗi, da ɗan'uwansa mai jan fure da ke tohowa a lambunan tsofaffin gidajen gwamnati. Waɗannan ba su taɓa ƙoda kamar na farko, amma suna da nasu dafin, musamman a cikin dunƙulen, mai sa amai da zawo da karkarwa. Akwai kuma wanda ake kira lilin salama, mai koren ganye mai sheƙi da farin fure guda kamar cokali, shi kuwa dangin gwaza ne. Wanda bai iya bambancewa ba, ya ɗauki mafi munin zato har likita ya kwantar masa da hankali.

Ambaton gwaza ya kawo zance kan tsiron da ya fi kowanne yawa a ofisoshi da bankuna da falukan ƙasar nan, watau difenbakiya. Kowa ya san shi ko da bai san sunansa ba: kara mai kauri kamar rake, faffaɗan ganye kore da zanen fari ko ruwan madara a tsakiya, ba ya son rana, ba ya mutuwa da sauƙi, reshe ɗaya aka karya aka dasa sai ya kama. Asalinsa daga ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka ne, sunan kuma na Joseph Dieffenbach ne, wani mai kula da lambun fadar sarkin Ostiriya a ƙarni na 19. Duk wanda ya taɓa cin gwaza da ba ta nuna sosai ba, ya ji maƙogwaronsa na ƙaiƙayi kamar an zuba masa ƙaiƙayin gero, ya ɗanɗana kaɗan daga abin da ke cikin wannan ganye. Dangin nan duka suna ɗauke da ƙananan allurai na wani gishiri da ake kira kalsiyam okzalet, ido ba ya ganinsu, suna cushe cikin 'yan jakunkuna. Da haƙori ya fasa ganyen sai alluran su fantsamo su soke harshe da dasashi. Turawa suna kiransa raken bebe, domin yakan kumbura harshen mutum har ya kasa magana, kuma an ruwaito cewa a zamanin bauta masu gandun rake a tsibiran Karibiyan sun yi amfani da shi wajen azabtar da bayi.

Ga kyanwa, alamun nan take suke zuwa. Sai a ga tana yarfa kai, tana dukan bakinta da hannu, miyau na dalala, tana kuka, ta ƙi ci ta ƙi sha. Abin tsoro ne a ido, amma zafin da kansa kariya ne, gama cizo ɗaya takan yi ta gudu, kuma yawanci cikin yini guda ko biyu abin ya wuce. Haɗarin yana nan ne in kumburin ya sauka maƙogwaro ya tare numfashi, wanda ba kasafai yake faruwa ba, amma in an ji tana numfashi da ƙara to babu jira. Haka abin yake ga sauran 'yan gidan: mai yaɗon nan da ake kira tsiron kuɗi, wanda ake sa wa a kwalba ya bi bango, da filodendiron, da mai faffaɗan ganye mai huji-huji, da mai jan ganye mai kama da kunnen giwa. Yaro mai rarrafe ma bai tsira daga gare su ba, saboda haka gidan da babu kyanwa amma akwai jariri, maganar ta shafe shi.

Wanda ya fi ban takaici shi ne ɗan gida. Kariya, itacen nan mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda da ke fitowa da rani lokacin da ba shi da ganye, tsohon sananne ne a ƙasar Hausa da sauran yankin Sahel, likitan nan J. M. Dalziel ma ya shigar da shi cikin ƙamus ɗinsa na sunayen itatuwa da Hausa na shekara ta 1916. Maharba a sassa da dama na Afirka sun yi amfani da ruwansa wajen haɗa dafin kibiya. Yau ga shi ya tafi ƙasashen waje, masu lambu a Tailan sun ƙirƙiro masa launuka iri-iri, ya komo cikin 'yar tukunya mai tsada da sunan furen hamada, ana ajiye shi a baranda. Canjin tukunya bai canja masa hali ba. Dafinsa zuciya yake nufa, ya rikita bugunta, ya rage shi ko ya hargitsa shi har ta tsaya. Irin wannan dafi ne ke cikin tumfafiya, da kuma oliyanda, shukar nan mai siririn ganye kamar mashi da ake yin shinge da ita a makarantu da asibitoci, da 'yar'uwarta mai rawayan fure kamar ƙararrawa. Busasshen ganyen oliyanda bai fi ɗanye sauƙi ba, don haka sharar da aka tara bayan an yi mata aski ita ma abin kiyayewa ce.

Akwai kuma wani mai kama da ɗan guntun dabino, ganyensa mai tauri kamar gashin tsuntsu, da ake kira saikas ko dabinon sago, asalinsa daga kudancin Japan. Masu gidajen alfarma suna sonsa a bakin ƙofa. Shi hanta yake lalatawa cikin kwana biyu zuwa uku, 'ya'yansa kuma sun fi ko'ina dafi. Karnuka sun fi faɗawa tarkonsa, amma kyanwa ma in ta ci sai an yi da gaske. Moda, mai tsayayyen ganye kamar takobi, da alobera da mata ke ajiyewa don gyaran fata, nasu bai kai nan ba, iyakarsu amai da zawo da kasala. Su kuwa zurma da bini-da-zugu da idon zakara da zaƙami da tinya, kowane ɗan ƙauye ya san ba abin wasa ba ne, kuma kyanwar da ke yawo a sake da wuya ta kula su.

Abin da ba kowa ya sani ba yana cikin madafa. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, kuma kimanin giram 5 na albasa ga kowane kilo na nauyinta ya isa ya fara ɓarna. Ragowar miya da taliya da ake kankare mata kullum da dare, da gutsattsarin tsire da albasarsa, suna iya tara mata cuta a hankali. Alamun sukan ɗauki kwanaki kafin su fito: dasashi ya yi fari fat, fitsari ya yi duhu, ta riƙa haki daga ɗan motsi kaɗan.

Rashin sanin waɗannan abubuwa yana da wata illa da ta wuce ta dabbar. Idan kyanwa ta mutu farat ɗaya, zato na farko maƙwabci ne: shi ne ya ce tana cinye masa 'yan tsaki, shi ne ya sa mata maganin ɓera. Gidaje sun daina gaisawa a kan irin wannan zargi, alhali mai laifin yana nan kan tebur yana ƙamshi. In kuma aka ga miyau na zuba, sai a ce haukan kare ne, a kore ta da sanda ko a kashe. Tsoron wannan ciwo gaskiya ne, kyanwa tana kamuwa da shi, kuma wadda ba a yi mata allurar rigakafi ba, ko wadda aka san wata dabba ta cije ta, ba a sa mata hannu a baki. Amma kafin a yanke hukunci, a duba tukwanen fure tukuna. Ganye mai sawun haƙori, ko guntun kore a cikin amai, ko rawayan gari a hanci, sun isa shaida.

To, in abin ya auku fa? A nan ne kyakkyawar niyya takan ƙarasa abin da dafi ya fara. Al'adar ƙasar nan, daga Kudu har Arewa, ita ce duk wanda ya sha guba a ɗura masa manja ko madara. Manja ba ya karya dafin lili ko na kariya, kuma kyanwar da aka danne aka ɗura mata mai tana iya shaƙe shi ya gangara huhu, ya zama ciwo na biyu. Ruwan gishiri da ake bayarwa don a sa amai shi kansa guba ne gare ta. Mafi muni duka shi ne farasitamol. Uwargida ta ga dabba na jin jiki, tausayi ya kama ta, ta ɓallo ƙwaya ta ba ta, ba ta san cewa saboda raunin hantar nan da aka ambata ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe babbar kyanwa ba. Dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin hannu su kumbura, jini ya kasa ɗaukar iska. Babu wani maganin mutane da ya halatta a ba ta sai da izinin likitan dabbobi.

Abin da ke hannun mai gida kaɗan ne, amma yana da amfani. Ya naɗe ta da tawul ko tsohon zane don kada ta yaƙushe shi, ya cire abin da ya rage a bakinta in zai yiwu ba tare da cizo ba, ya goge garin fure daga gashinta da jiƙaƙƙen tsumma har sai ya fita. In ya tabbata dangin gwaza ta ciza, ya ɗauraye mata baki da ruwa kaɗan, ya ajiye mata ɗan nono ko madara mai sanyi ta lasa da kanta, wannan yakan rage raɗaɗi. Daga nan ya lura da ƙarfe nawa abin ya faru, ya yanki reshen tsiron ya sa a leda ko ya ɗauki hotonsa da waya, ya sa ta a kwali mai huji, ya kama hanya. Ga lili da kariya da oliyanda da saikas ba a jiran alama, zato kawai ya isa dalilin tafiya.

Likita yana da allurar da ke sa kyanwa amai cikin aminci in ba a daɗe ba, yana da garin gawayi na musamman mai kama dafi a hanji (ba irin na murhu ba ne), zai kuma ɗaura mata ruwa ta jijiya na kimanin kwana biyu yana auna jininta don ya ga halin da ƙoda ke ciki. Jami'o'in Zariya da Ibadan da Nsukka da Maiduguri da Sakkwato da Makurdi duk suna da asibitocin koyarwa na dabbobi, ga Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa a Vom kusa da Jos, ga asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi, ga masu zaman kansu a manyan birane. Wasu suna jin kunyar a gan su ɗauke da mage zuwa asibiti, kamar sai sa ko doki ne suka cancanci likita. Wannan kunya ba ta da tushe a al'ummar da ta san asalin laƙabin Abu Huraira. Abin da ya fi dacewa shi ne mutum ya san inda asibitin yake da lambar wayar likitan tun dabbar tana lafiya, gama ba a neman hanya da ƙarfe biyun dare.

Game da tsari a gida, dabarar ɗora tukunya a kan kabad ko kanta mai tsawo ba ta da wani amfani. Dabbar da ke tsallen da ya ninka tsawonta sau biyar ba kanta ce za ta gagare ta ba, ganye da garin fure kuma ƙasa suke faɗowa. Ɓawon lemo da barkono da ake barbaɗawa a bakin tukunya sukan yi aiki kwana biyu, sa'an nan ta saba. Masu kisa dai a fitar da su daga gidan, a ba wanda ba shi da dabba ko ƙaramin yaro. Masu ƙona baki kuwa, in ba a iya rabuwa da su, a kai su ɗakin da kullum yake rufe. Haka nan a kula da maganin ƙwari da ake fesa wa furanni, musamman mai ɗauke da sinadarin fametirin, domin shi ma yana sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya. In an yi feshi a waje za a yi, a bari ya bushe sarai kafin a shigo da tukunya.

Ba a ce falo ya zauna fayau ba. Furen wardi ba shi da dafi, sai dai ƙaya. Haka tsiron gizo-gizo mai siraran ganye masu ratsin fari, da ɗan dabinon areka, da furen okid, da ɗoɗɗoya, da furen rana, duk an san ba sa cutar da kyanwa. Matsalar ita ce mai sayarwa a bakin titi sau da yawa bai san sunan abin da yake sayarwa ba, balle halinsa, burinsa ciniki ya faɗa, kuma babu takardar suna a jikin tukunya. Nauyin bincike yana kan mai saye. Ya ɗauki hoto, ya nemi sunan a intanet ko wurin malamin gona ko likitan dabbobi, sa'an nan ya biya kuɗi.

Tun da an san ba za ta daina neman ganye ba, mafi sauƙi shi ne a shuka mata nata. A samu tsohon kwano mai huji, a cika shi da ƙasa mai tsabta, a watsa tafi guda na alkama ko sha'ir wadda ba a gauraya da maganin ƙwari ba, a yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin mako guda zuwa kwana goma za ta fito kore shar, tsawon yatsa ko fiye, sai a ajiye kusa da inda kyanwar take shan ruwa. Kada dai a yi kuskuren shuka dawa, gama ƙaramin tsiron dawa yana da guba, makiyaya sun san abin da gyauro yake yi wa shanu. In alkamar ta fara rawaya bayan mako biyu ko uku a zubar a sake wata, wanda ya fi kula ma yakan ajiye kwano biyu, ɗaya na ci ɗaya na tsirowa.